Tarihin Rayuwar Christopher McCandless, Kashi na Huɗu: Littattafan da Ke Cikin Jakarsa

A makon jiya mun tsaya a ranar 28 ga Afrilun 1992, inda wani mai mota ya sauke McCandless, matashin Ba'amurke da ya ƙudurta zama shi kaɗai a daji, a bakin hanyar Stampede, kusa da garin Healy a jihar Alaska, ya kuma ba shi takalmansa na roba don ya ga nasa ba za su jure sanyi da ruwa ba. Yau za mu buɗe jakar da ya goya, domin abin da ke cikinta ne ya fi bayyana ko wane ne shi.

Abincinsa shinkafa ce, kimanin kilo huɗu da rabi. Makaminsa ƙaramar bindiga ce mai harsashi .22, wadda ta dace da tsuntsu da kurege. Ba shi da taswirar da ke nuna tudu da kwari da koguna dalla-dalla. Wani kaso mai nauyi na kayan kuwa littattafai ne: na Tolstoy, da Walden na Thoreau, da Doctor Zhivago na Pasternak, da wani littafi kan tsirran da mutanen Dena'ina, 'yan asalin Alaska, suke ci, wanda a bayansa ne ya riƙa rubuta abin da ya same shi kullum.

Wanda ya fi kama zuciyarsa tun yana yaro shi ne Jack London, marubuci Ba'amurke mai labaran dajin ƙanƙara. A wurin tsohuwar bas mai lamba 142 da aka yasar a dajin, wadda ya mayar ɗakinsa, an tarar ya sassaƙa a jikin katako cewa London sarki ne. Sai dai London hunturu ɗaya tak ya yi a Arewa, a yankin Klondike na Kanada, daga 1897 zuwa 1898, ya fito da ciwon rashin bitamin C mai kumbura dasashi. Ya rasu a Kalifoniya a 1916 yana da shekara 40. Kuma ko a labaransa, daji ba ya yafe wa wanda ya shige shi shi kaɗai ba shiri. Abin da ke ba ni tausayi ke nan: yaron ya ɗauki kyawun dajin daga littattafan, gargaɗin ya wuce shi.

Thoreau ma haka. Ya zauna bakin tafkin Walden daga 1845 zuwa 1847, a filin abokinsa Emerson, tazarar da ba ta kai kilomita huɗu ba daga garin Concord na jihar Massachusetts a Amurka, yana shiga gari a kai a kai. Kaɗaicin da ƙafa za ta iya warwarewa cikin sa'a guda daban yake da na bas 142, mai nisan kilomita sama da 30 daga kwalta, ga kogi a tsakani. Daga Tolstoy kuwa McCandless ya koyi ƙyamar dukiya, abin da ya sa a 1990, da ya gama jami'ar Emory, ya kyautar da dala 24,000 ga ƙungiyar agaji ta Oxfam.

Inda littattafan suka gaza ya fito fili ranar 9 ga Yuni. Ya harbe mus, wata ƙatuwar dabba dangin barewa da kan kai girman sa, naman da zai iya ci na watanni. Mafarautan Alaska kan fere irin wannan nama siriri-siriri, kusan yadda mahauta ke yi wa naman kilishi, su rataya a kan itace iska ta busar da shi, kuma cikin gaggawa, domin ƙuda na bazara ba ya jira. Shi kuwa banda ya yi ƙoƙarin yi, bisa shawarar da ya ji a jihar Dakota ta Kudu. Tsoka mai kauri hayaƙi bayanta kawai yake kamawa, ciki na nan da danshi da ɗumi, nan ne ƙwan ƙuda ke ƙyanƙyashewa. Cikin 'yan kwanaki tsutsa ta cinye yawancin naman. Ya rubuta cewa da ma bai harbe ta ba, ya koma yana ja wa layi a babin Walden da ke magana kan cin nama da tsarkin rai.

Bayan ya karanta Family Happiness na Tolstoy, mai cewa daɗin rayuwa yana cikin amfanar mutane, sai ya haɗa kaya ranar 3 ga Yuli zai fita. Kogin Teklanika da ya tsallake da ƙafa a Afrilu, lokacin ƙanƙara na riƙe da ruwan, ya tarar ya cika ya batse, domin zafin bazara ya narkar da ƙanƙarar kan duwatsu. Ƙasa da kilomita ɗaya daga inda ya tsaya, ta gangaren ruwa, a lokacin akwai igiyar ƙarfe da kwandon tsallakawa na masu auna ruwa. Cikakkiyar taswira tana nuna wannan tasha. Bai san da ita ba, ya juya ya koma bas.

A makonnin da suka biyo baya, yana rama, yana cin 'ya'yan itace da saiwoyi da ɗan abin da ya harbo, Doctor Zhivago ne a hannunsa. A gefen wani shafi ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa farin ciki ba ya tabbata sai an raba shi da wani.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba 'ya'yan dankalin dajin da ya riƙa ci a ƙarshen Yuli, da gardamar da masana ke yi a kansu har yau.