Mun kai yaran Islamiyya Gidan Zoo, ledar fiya wata ta ɓata min rai

Wallahi har yanzu in na tuna abin nan raina ɓaci yake. Asabar ɗin da ta wuce muka kwashi ɗaliban Islamiyyarmu zuwa Gidan Zoo na Kano, da sassafe muka isa Zoo Road don in rana ta take dabbobin duk inuwa suke shigewa su kwanta, ba abin da yaro zai gani sai bayan zaki. Shiga da zagayen farko lafiya lau, mun ga zaki, mun ga kura da kada, yara sai murna.

A wajen jimina ne abin ya faru. Wani magidanci, ba yaro ba fa, babba da gemunsa da 'ya'yansa a gefe, ya shanye ruwansa ya dunƙule ledar ya cilla mata ciki wai yara su ga yadda take haɗiya. Kafin in buɗe baki ta miƙo dogon wuyan nan ta cafke, muna kallon ledar tana gangarawa a maƙogwaronta. Na ce masa haba Malam, wannan ai cutarwa ce, sai ya ce min ai jimina ko ƙarfe ta ci narkewa yake. Wannan magana ita ta fi ƙona min rai, don ba gaskiya ba ce. Jimina ba ta da haƙori, shi ya sa take haɗiyar tsakuwa don ta niƙa mata abinci a ƙundu, amma leda ba ta niƙuwa, taruwa take ta toshe ciki har dabba ta daina cin abinci, kamar dai yadda mahauta ke ciro tulin leda a tumbin akuyoyin cikin gari.

Da na juyo sai ga ɗaya cikin yarana, ɗan shekara bakwai, ya riga ya ɗaga ledar biskit ɗinsa zai kwaikwaya. Na riƙe hannunsa, nan na tara su duka a gindin bishiya na yi musu bayani, muka sanar da wani ma'aikaci, Allah ya saka masa, bai yi wasa da maganar ba.

Wurin nan tun zamanin Audu Bako yake, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, yanzu gari ya zagaye shi ta ko'ina, kuma yaron Kano nawa ne za a iya kaiwa dajin Falgore? Nan ne kaɗai mafi yawansu za su ga namun daji ido da ido, sannan mu da hannunmu mu riƙa ba su leda.

In za ku kai yara, ku yi musu maganar ledar nan tun a mota, ku tafi da buhu ɗaya na zuba shara, kuma ku guji ranakun Sallah don cunkoso ba zai bari ka ga abin da ke hannun kowane yaro ba.