Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Na Fita Neman Tudu

A makon jiya mun tsaya a inda na yi rajistar tseren gudun dogon zango na Legas na 2023, na fara ware kuɗin mota daga abin da keken ɗinki ke kawo mini. Masu tambaya ko na kai ƙarshen tseren, yau za ku ji. Sai dai labarin wannan mako ya zarce Legas, shekarar ce sukutum nake so in shimfiɗa muku, tun daga hunturu har kaka.

Duk wanda ya yi tafiya a farkon Fabrairun 2023 ya san halin da aka shiga. Lokacin canjin kuɗi ne: tsofaffin takardu ana gudunsu, sababbi ba a ganinsu, kuɗinka na cikin asusu amma ko ruwan leda ya gagare ka a hanya. Kawuna da ya daɗe yana kai albasa kasuwar Mile 12 shi ya fid da ni. Ya ƙirgo mini 'yan takardu daga aljihun gabansa, ya haɗa ni da wani abokin cinikinsa a Idi-Araba inda zan kwana. Da na shiga sallama da Inna, ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka nema ga wanga gudu? Wa ka biyak ka?" Na ce, "Inna, addu'arki kawai nake so." Ta ce, "To, Allah shi kai ka lahiya, shi maido ka lahiya." Muka bi ta Jega, Yawuri, Kontagora, Mokwa, muka haye gadar Jebba cikin dare, gari ya waye mana a ƙasar Yarabawa.

Tseren ya tashi da sassafe daga babban filin wasa na Surulere, ya ƙare a Eko Atlantic, kilomita 42.195. Na ɗauka mutumin da ya taso a Sakkwato ba wani zafi da zai ba shi tsoro, to ashe zafi iri-iri ne. Namu busasshe ne, zufa na fitowa iska ta shanye ta, jiki ya yi sanyi. A Legas iskar kanta jiƙe take, zufa ba ta bushewa, sai dai ta yi ta kwarara har cikin takalmi. A kan gadar nan ta Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12, babu inuwa ko ta kara, ruwa ne dama da hagu. Wanda ya ci tseren ɗan Kenya ne, ya gama cikin awa biyu da 'yan mintuna. Ni sai da na haura awa huɗu kafin a rataya mini lambar kammalawa a wuya, kuma na yi wa Allah godiya da hawaye a idona. Amma abin da na dawo da shi a rai shi ne hawan gadoji. Duk inda titi ya ɗan ɗaga sama, sai cinyoyina su yi nauyi kamar an ɗaura mini turmi, mutanen da na wuce a shimfiɗaɗɗen wuri su zo su wuce ni ɗaya bayan ɗaya.

Da na dawo gida na zauna na duba hanyoyin da nake atisaye. Zagayen filin wasa na Giginya, titin Bodinga, hanyar jami'a, duk a shimfiɗe suke. Hawan da muke da shi na kirki shi ne wanda ke tasowa daga fadamar Rima zuwa cikin gari, shi ma kafin numfashinka ya canza ka gama shi.

Azumi ya kama a ranar 23 ga Maris, cikin tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40. Ga tela kuwa, watan azumi watan kwanan zaune ne. Shadda da yadi sun cika shago har rufi, kowa na son nasa kafin Sallah. Gudun da na samu yi kaɗan ne, bayan asham, in zaga unguwa in dawo kan keke. Ban damu ba, kowane abu da lokacinsa. Kuɗin ɗinkin Sallar ne ma suka kai ni Okpekpe a ƙarshen watan Mayu.

Okpekpe ƙaramin gari ne a kan duwatsu a Jihar Edo, kusa da Auchi, kuma tun 2013 ake yin tseren kilomita 10 a can, wanda manyan 'yan tsere na Gabashin Afirka ke zuwa. Hanyar hawa da gangara ce. Ɗan Kenyan da ya zo na ɗaya bai cika minti 29 ba. A nan na fara ganin 'yan Filato da idona, maza da mata, sirara, suna haye tudu ba tare da sun canza taku ba. Bayan an tashi ina zaune a bakin titi ina murza gwiwa, ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini ruwa ya ce, "Malam, daga ina?" Na ce Sakkwato. Ya ce, "Akwai dutse a wajenku?" Na ce babu. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "In ruwa ya ɗauke ka zo Jos, ka yi kwanaki tare da mu." Muka yi musayar lamba.

Ina dawowa aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na jingine mashin ɗina a zaure, na je kasuwa na sayi keken gwanjo mai giya, ɗan Beljiyam, sirdinsa ya tsage amma ƙarfensa lafiya lau. Dama gwiwar hagu na damuna tun gangaren Okpekpe, kuma keke ba ya dukan gwiwa yadda kwalta ke dukanta in ana gudu. Zuciya da huhu suna aikinsu, gaɓoɓi suna hutawa. Daminar nan kaf a kan keke na yi ta.

Ban taɓa sanin ƙasarmu ba sai a wannan damina, duk da a cikinta aka haife ni. Mai mashin wucewa yake yi, mai keke shi ke gani. In na idar da sallar asuba sai in gangara Kwalkwalawa, in tarar ruwa ya cika fadama, shinkafa ta yi kore shar har inda ido ya tsaya, masunta na fitowa da kwale-kwale, mata na jiran kifi a bakin gada. Wata rana in bi hanyar Wamakko ta Kalambaina, ina raɓewa gefe saboda manyan motocin siminti. Wata rana in nufi Shuni da Dange, gero ya fi ni tsawo dama da hagu.

Akwai wani tsoho mai faci a gindin dogon yaro a hanyar Kware da ba zan manta da shi ba. Ƙaya ta huda mini taya ta baya, na turo keken har wurinsa. Ya zare tif ɗin, ya ba shi iska, ya riƙa tsoma shi kaɗan-kaɗan cikin wani tsohon kwano mai ruwa har kumfa ta nuna masa hujin. Ya goge wurin da ɗan guntun zarto, ya shafa gam da yatsa, ya ajiye ya jira ya sha iska, bai yi gaggawa ba ko kaɗan. Sannan ya sa hannu cikin tayar yana lalube har ya zaro ƙayar, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Yaro, ina zaka da wanga keke babu kaya bisa?" Na ce, "Baba, motsa jiki nake yi." Ya ce da ƙuruciyarsa da Raleigh yake kai buhun albasa birni ya komo kafin azahar, kuma bai taɓa jin an kira wannan motsa jiki ba. Na dube shi da kyau, ƙwaurinsa har yanzu jijiya ce zalla.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai a daminar. Na so in taka keke har Wurno, in ziyarci kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a can a 1837, in wuce in ga madatsar ruwa ta Goronyo. Yayana ya hana, kuma gaskiyarsa. Hanyoyin gabashin jiha sun zama abin tsoro saboda 'yan bindiga. Ni abin da na rasa yawo ne kawai. Mutanen da ke can gonakinsu da 'yan uwansu suka rasa, wasunsu ma ga su nan cikin gari muna haɗuwa da su kullum. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Da kaka ta yi, aka yanke gero aka fara ɗaure dammuna, sai na kira mutumin Jos. Ya ce in taho. Na bar shago a hannun babban yarona, na bi motar safe don mu ratsa Zamfara da rana. Bayan Gusau dutsen Kwatarkwashi ya bayyana, baƙi ƙirin, ya tokare sama. Na manna fuska a gilashi ina kallonsa har ya ɓace. Ga dutse kusa da gida, amma ba halin tsayawa.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga matakin teku, Sakkwato kuwa wajen mita 300 take. Duwatsun Shere da ke gabashin garin sun kai mita 1,829 a ƙololuwarsu. Safiyar farko da muka fita, sanyi ya sa na kasa ɗaure igiyar takalmi da kyau. Muka ratsa gonakin da aka shinge da ƙerana, muka shiga ciyawa mai raɓa har ƙugu, sannan hawa ya fara. Ban yi nisa ba na ji ƙirjina na neman iskar da babu ita. Abokin nawa ya dawo baya ya jera da ni. Ya ce in rage faɗin taku, in riƙa ɗaga ƙafa da sauri-sauri, in sa hannuwa su yi aiki, in daina kallon ƙololuwa in kalli taku uku da ke gabana. A wurin gangara kuma ya ce kada in dinga turjewa da dunduniya, nan ne gwiwa ke lalacewa, in saki jiki in sauka da tsakiyar tafin ƙafa. A sama akwai manyan duwatsu da suka hau kan juna, wani ka rantse hannu ɗaya zai ture shi. Muka zauna a kan wani falalen dutse, garin Jos na ƙarƙashinmu, aka fito da dafaffen dankali daga leda aka raba.

A can suka fahimtar da ni abin da tudu ke yi wa jiki. Iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka wanda ya zauna makonni a can jikinsa kan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, in ya sauko ƙasa sai ya ji numfashi ya yalwata. Shi ya sa garin Iten na Kenya, mai tsayin kusan mita 2,400, ya zama matattarar 'yan tsere, shi ya sa kuma a Najeriya 'yan Pankshin da kewaye ke yawan zuwa gaba a dogon zango. A wayar ɗayansu muka taru muka sake kallon yadda Kelvin Kiptum ɗan Kenya ya kafa tarihin duniya a tseren kilomita 42.195 na Chicago ranar 8 ga Oktoba, awa 2 da daƙiƙa 35. Ba wanda ya ce uffan har bidiyon ya ƙare.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rayuwarsu. Ba masu kuɗi ba ne. Takalmansu na gwanjo ne irin nawa, wani ma an yi masa ɗinki a baki. Gwate da acca suke ci, wasunsu daga atisaye gona suke wucewa. Abin da suke da shi wanda ba mu da shi, bayan dutse, shi ne junansu. Suna fita a ƙungiya, babba na jan ƙarami, wanda ya je tsere ya dawo ya faɗa wa saura yadda hanya take. Ni kuwa shekaru ina gudu ni kaɗai a Sakkwato, yara na bina da ihu, manya na tambaya ko lafiya. Kuma na san yaranmu ba su rasa ƙarfi ba. Na ga masu kiwo da ke yini a ƙafa cikin ranar Afrilu, na ga 'yan makarantar da ke tako keke daga ƙauye kullum. Ba wanda ya taɓa ce musu wannan juriya tana da wata hanya da za ta bi. Dutse ba za mu iya ɗauko shi ba, amma muna da rairayin fadama da ke cin cinya, muna da matakalar filin wasa, muna da hawan nan na Rima da za a iya maimaitawa har ƙafa ta koshi.

Na dawo gida iskar hunturu ta fara kaɗawa. Na kwashe labarin duka na ba yaran shagona muna cikin aiki, ban ɗauka ya shige su ba. Washegari da asuba ina buɗe ƙofa na tarar da biyu daga cikinsu a tsaye, ɗaya da silifas, ɗaya da takalmin ƙwallo da ya yi masa yawa, suka ce, "Maigida, mu ma za mu." Na tafi da su. Kafin azahar mahaifin ƙaraminsu ya iso shago ransa a ɓace, ya ce ɗinki ya kawo ɗansa koyo, kuma yana son magana da Yayana a daren nan. Yadda zaman ya kasance a zauren gidanmu, da sharaɗin da aka gindaya mini, shi za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.