Shekara biyu da Duna a gidana

Moto na biyu da aka sace min, a tsakar gida aka ɗauke shi, muna barci a ɗaki. Washegari na ce wa uwargida kare zan saya. Ta dube ni ta ce, "Maigida, gidan da ke da yara uku?" Na ce ai saboda yaran ne.

Ni mutumin Tawa ne, kuma na tashi ina ganin karnukan Buzaye na Azawak, dogaye, sirara, masu bin garke ba tare da sun kula kowa ba. Amma a Yamai abokan aiki suka ce irin wannan ba ya tsorata ɓarawo, pitbul ake yayi. Wani saurayi ya turo min hotuna ta WhatsApp, ya ce daga Kwatano aka kawo uwar. Na biya jika 150 na karɓi ɗan kwikwiyo baƙi mai faɗin kai. Takarda ko ɗaya ba a ba ni ba. Yara suka sa masa suna Duna. Inna da ta zo daga Tawa ta ce mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da kare, sai na je wurin malamin unguwarmu, ya ce malamai da yawa sun halatta na gadi, amma kada ya shiga ɗaki. Aka yi masa rumfa a bayan gida.

Gaskiya ba zan ɓoye ba, da yarana Duna bai taɓa yin wani abu ba. Ƙaramar takan ja masa kunne, ta hau bayansa, shi kuwa sai kaɗa wutsiya. In na dawo daga aiki kamar zai tsinke sarƙa don murna. Masu cewa pitbul yana da son mutanen gidansa ba ƙarya suke ba, na gani da idona.

Laifina yana wurin sarƙar nan. Mai sayarwar ya ce in ina son ya yi zafi, in ɗaure shi da rana, kada baƙo ya gan shi, in sake shi da dare kawai. Na bi. Kare mai ƙarfi irin wannan ya wuni a ɗaure cikin zafin Afrilu, ba a fita da shi yawo, bai san akuya ba, bai san almajiri ba, bai san kowa ba sai mu biyar. Duk abin da ya motsa a bayan katanga abokin gaba ne a wurinsa, kuma ni na koya masa hakan.

Saura kwana huɗu Sallar layya abin ya faru. An ɗauke ruwan famfo, ga-ruwa ya shigo da kurarsa da sassafe, ya bar ƙofa a buɗe, Duna kuwa ba a riga an ɗaure shi ba. Maƙwabcina Alhaji ya ɗaure ragonsa a gindin bedi a ƙofar gida. Ko haushi Duna bai yi ba. Ihun yara na ji, na fito da zani a wuya, na tarar ya kafa haƙora a wuyan ragon yana jijjigawa. Na kira sunansa, kamar da dutse nake. Aka watsa ruwa, aka buga sanda, bai saki ba. Jikan Alhaji, yaro ɗan shekara tara, ya kama igiyar ragon yana ja, sai karen ya juya ya cafke masa hannu. Daƙiƙa kaɗan ne kafin na shaƙe shi da wuyan sarƙa, amma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Abu ɗaya ya cece ni daga tashin hankalin da ya fi wannan: karnen allurar Duna, wato takardar rigakafinsa. Tun yana ƙarami na kai shi wurin likitan dabbobi aka yi masa rigakafin haukan kare, ana sabuntawa. Muka wanke ciwon da ruwa da sabulu minti 15 kafin mu tafi asibiti, kamar yadda likitoci ke cewa a yi, kuma aka sa wa karen ido kwana 15 a gani ko zai nuna alama. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, kuma kusan duk masu kamuwa daga cizon kare suke samunsa. Yaron ya warke, da tabo.

Da na je ba da haƙuri, Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, rago dai rago ne. Amma da wuyan yaron nan ya kama fa?" Na biya kuɗin rago da na magani. Da ya kai ni kwamisariya ma da ban ce ya zalunce ni ba.

Likitan dabbobin ne ya zaunar da ni bayan haka. Ya ce zancen da ake yi cewa muƙamuƙin pitbul yana kullewa ba gaskiya ba ne, muƙamuƙinsa irin na kowane kare ne. Taurin kai ne aka gina shi a kai. A Ingila aka haɗa kakanninsa, karnukan da ake sa wa su kama bijimi don wasa, da aka hana wannan wasa a 1835 sai aka koma haɗa karnuka faɗa da junansu. Kare da ya kama ya saki ba ya cin irin wannan gasa. Sai kuma ya duba Duna ya ce shi ma ba zai rantse pitbul ne tsantsa ba, wataƙila gauraye ne.

Nan na fara fahimtar abin da ya sa Turawa suka kasa daidaitawa a kan dokar hana riƙe wani jinsin kare. Birtaniya ta hana pitbul tun 1991, kuma daga Fabrairun 2024 ta ƙara da XL Bully, wani ƙaton kare dangin pitbul, a Ingila da Wales, sai mai takardar izini ta musamman. Holan ta hana a 1993, ta soke a 2008 da ta ga cizo bai ragu ba. Italiya ma ta jefar da nata jerin sunayen karnuka masu haɗari a 2009. Idan likita da karen a gabansa bai tabbatar da jinsinsa ba, ɗan sandan da zai tsayar da ni a hanyar Wadata da me zai tabbatar? Duk da haka ban yarda da masu cewa jinsi ba komai ba ne, tarbiyya ce kaɗai. Karen unguwa ya ciji mutum ya gudu. Duna bai gudu ba, kuma mu uku muka kasa ɓamɓare shi.

Abin da ya fi kwanta min shi ne wani ɓangare na dokar Faransa ta 1999 da gyaran da aka yi mata a 2008. Ita ma ta hana saye da sayar da pitbul marar takardar asali, amma nauyin da yawa a kan mai kare ta ɗora shi: takardar izinin riƙewa daga magajin gari, inshora, horo ga mai karen kansa, takunkumi da igiya duk lokacin da aka fita, yaro kuma ba ya riƙe irin wannan kare. Da an tambaye ni rabin waɗannan a ranar da na ƙirga jika 150, da na koma gida na sayi kwaɗo mai kyau.

Gidanmu na Hausa ba a yi shi don ƙofa a rufe ba. Almajiri zai leƙo, mai tallar kunu za ta shigo, ƴaƴan maƙwabta su goma za su biyo naka daga lekol. Wanda ke da katanga biyu da maigadi da lokacin fita yawo da kare safe da yamma, shi ya san abin da zai iya. Ni ba ni da ko ɗaya.

Wani mai garka a hanyar Say ya karɓi Duna, wuri mai shinge, ba yara, ba tumaki. Ranar da aka zo ɗaukarsa ƙaramar ta yi kuka har ta yi barci. Uwargida ba ta ce min komai ba, ta dai kwance sarƙar daga jikin rumfa ta miƙa wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Moton kuwa yanzu a falo yake kwana.