Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Masu zuwa da dare

Assalamu alaikum ƴan uwa masu bibiya. Makon jiya mun tsaya inda na baro ƙauyenmu na jihar Tawa bayan yunwar 2005 ta cinye mana ƴan bisashe, na faɗo Yamai ba ni da kowa, har na zama ɗaya daga cikin yaran kasuwar Katako.

To rayuwar can dai da rana dako ne da wankin kwanoni wajen masu tuwo, in ka yi sa'a ka samu dala ashirin ko arba'in, in dare ya yi ka nemi kwali ka shimfiɗa bakin wata rumfa, kuɗin kuma sai ka ɓoye su cikin bakin wando don manyan yara suna laluben mutum yana barci. Lokacin sanyi ne na fara shaƙar disolisiyo, wannan gam ɗin da masu faci ke liƙe taya da shi. Ana zuba shi a tsumma a riƙe a hanci, yunwa ta lafa, sanyi ya lafa, kai kuma ya tafi.

Sadaka muna samu, ban musa ba. Ranar Juma'a alhazai na rabon masa da shinkafa, Allah ya saka musu, amma Asabar da safe muna nan inda muke.

Amma akwai mutanen wata ƙungiya mai taimakon yaran titi, su daban ne, da dare suke zuwa lokacin da kowa ya watse. Mota ɗaya, da wata madam mai aikin likita da wani bawan Allah da muke ce wa Mushe. Farko gudu muke yi don mun zaci ƴan sanda ne. Ina da gyambo a ƙafa wanda kwalba ta yanke ni har ya fara wari, madam ɗin ta durƙusa a ƙasar Katako da duk ƙazantarta ta ɗora ƙafata kan cinyarta ta wanke ta ɗaure, wallahi ko fuska ba ta yamutsa ba. Mushe ya zauna gefena ya ce, "Ƙanena, ina ne garinku?" Na yi masa ƙarya na ce ni maraya ne. Bai ja ba, ya ce to, gobe ma za mu zo.

Kuma suka zo. Abin da ya karya min zuciya ke nan, don mu mun saba da mai ba ka abu ya wuce.

Daga baya na yarda na bi su gidansu da suke kira santir. Akwai ruwan wanka da sabulu da tabarma, da safe a koya mana karatu da lissafi irin na lakwal. Amma kar ku ɗauka yaron da ya saba da titi yana zama da sauƙi, jikina na neman gam, ga dokar lokacin kwana da ta tashi, sai na tsere na koma Katako. Mushe ya same ni can, bai zage ni ba bai kama min hannu ba, ya ce gadonka na nan. Sai da na gaji don kaina na koma.

Nijar ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara tun 1990, kuma duk 16 ga watan Yuni ana bikin ranar yaran Afirka, har mu ma an taɓa sa mana riguna an kai mu. Ni dai a raina abin da ya cece ni shi ne sana'a. Sun kai ni aparanti wajen wani mai walda a Boukoki, suka saya min tabarau da safar hannu, kuma Mushe na leƙowa ya tambayi maigidana halina. Abin da ke min ciwo har yau shi ne abokaina biyu da layi bai kai kansu ba, aka ce kuɗin furoje, wato na aikin ƙungiyar, sun ƙare, suka ci gaba da kwana a kasuwa.

Wata rana muna zaune na faɗa wa Mushe gaskiya, inna tana da rai, ga sunan ƙauyenmu. Nan take ya fara neman lambar maigari. Yadda muka kama hanyar Tawa da abin da na tarar a gida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.