Laraba da dare, ni da Annabi Amos

Yau a nazarin Littafi Mai Tsarki na yamma Baba Fasto ya ce mu buɗe Amos, ni kuma aka ce in karanta sura 2 a bayyane. Har yanzu ƙarfe goma ta wuce amma abin bai bar raina ba, shi ya sa na ce bari in rubuta kafin bacci.

Shi dai Amos ba ɗan makarantar annabawa ba ne, da bakinsa ya ce shi makiyayi ne kuma mai kula da itatuwan ɓaure, daga Tekowa can kudu da Baitalami a ƙasar Yahuza. Allah ya ɗauke shi daga bayan garke ya tura shi arewa, masarautar Isra'ila, zamanin sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu. Kuma fa lokacin ƙasar tana cikin daula, sarkin ya yi shekara 41 a kan gado ya kwato iyakokin da aka rasa, Assuriya ta ɗan lafa, fatauci yana tafiya, manya suna da gidan rani da gidan damina na sassaƙaƙƙen dutse, suna miƙe ƙafa a gadajen da aka yi wa ado da hauren giwa. Fasto ya ce masu tonon tarihi sun tono gutsattsarin hauren giwa da yawa a Samariya, babban birnin masarautar, a shekarun 1930, wato ba zuƙi annabin ya yi ba.

Inda muryata ta fara rawa shi ne wajen maganar tufafin jingina. Doka ta Musa ta ce in ka karɓi mayafin talaka jingina to ka mayar masa kafin rana ta faɗi, don da shi zai rufa da dare. Su kuwa sai su riƙe, su ɗauka su tafi da shi wurin sujada su shimfiɗa kusa da bagade su kishingiɗa a kai, suna shan ruwan inabin da suka saya da kuɗin tarar da suka ci mutane. Ka duba fa, mai mayafin yana can gida yana karkarwar sanyi shi da 'ya'yansa, mayafinsa kuma yana ɗakin ibada ƙarƙashin wani. Haba! Sai ga sayar da matalauci saboda bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba, ga alƙalan ƙofar gari da ke karɓar cin hanci su kori mai gaskiya.

Wata mama da ke sayar da hatsi ta ce Baba a karanta mana sura 8, aka karanta. 'Yan kasuwar sun ƙosa Asabar ta wuce su buɗe rumfa, su rage mudu, su ƙara nauyin awon kuɗi, har sharar alkama su haɗa su sayar. Ta yi shiru can ta ce ita dai ta san mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, ba sai an yi mata fassara ba.

Abin da ya fi tsaya min, mutanen nan ba wai sun daina ibada ba ne. Wuraren sujadarsu na Betel da Gilgal cike suke, hadaya kowace safiya, zakka a kan kari, waƙoƙi da molaye. Amma Allah ya ce ya ƙi idodinsu, ba zai saurari waƙar ba, abin da yake so gaskiya ta malala kamar ruwa, adalci kamar rafin da ba ya ƙafewa. Ni da nake cikin mawaƙa wannan ya taɓa ni ƙwarai, don ina son waƙa, kuma na yarda Mai karɓarta yana duba yadda na yi da wanda nake bi bashi.

Amaziya firist na Betel ya kai ƙarar Amos wurin sarki wai ƙasa ba za ta iya ɗaukar maganganunsa ba, ya kuma ce wa Amos ya koma Yahuza ya nemi abincinsa can, nan haikalin sarki ne. Amos bai janye ko kalma ɗaya ba. Wajen shekara 722 kafin haihuwar Almasihu Assuriyawa suka ci Samariya suka kwashe mutanen. Mako mai zuwa sura 9 za mu yi, na riga na ce wa Baba ni zan karanta.