Sanyin da na gani a hanyar Agadas

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu da ke gefen Ɓaɓura yana ganin ya san hunturu. Ni ma haka nake gani, har watan Janairun da Kawu ya ce in raka shi Agadas sayo dabino da gishiri.

Tsohuwar bas ce gare shi, Hiace. Ya cire kujerun baya gaba ɗaya, ya shimfiɗa katako da katifa, ya ɗaure jarkokin ruwa shida a gefe, ga ƙaramin murhun gas da buhun garin kwaki. Ɗaki ne sosai, sai dai mai taya. Inna ta cusa mini bargo biyu da man kaɗanya, na ce ɗaya ya isa. Ba ta ko kalle ni ba, ta ƙara da safa.

Ta Babban Mutum muka ƙetara, muka bi Magarya zuwa Damagaram. Daga Tanut ne ƙasa ta fara canja fuska: gonakin gero suka ƙare, itatuwa suka koma ƙaya, hazo ya rufe gaba har rana ta zama kamar faifai. Kawu ya ce yawancin ƙurar nan daga Bodele take tasowa, can ƙasar Cadi, ita ce kuma take isowa har tsakar gidanmu.

Da rana ba laifi, har gumi na yi. Amma da muka yada zango kusa da Adarbisanat, rana na faɗuwa sanyi ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Iskar wurin ba danshi, sama ba gajimare, don haka zafin da yashi ya sha tun safe ba abin da ke riƙe shi. Ƙarfen motar ya yi sanyin da ba ka iya jingina da shi. Na shige bargo biyun nan da safar Inna, haƙorana na kaɗawa. Da asuba ruwan alwala ya ƙone mini yatsu, wallahi ƙuna ce, ba ni da wata kalmar.

Wasu Buzaye da suka sauka kusa da mu da raƙumansu suka kira mu shayi. Wani dattijo a cikinsu ya dubi kunnuwana, ya karɓi rawanin Kawu ya naɗa mini, ya rufe hanci da baki, ido kawai ya bari. Da ina ɗauka ado ne. Kofi uku muka sha a bakin garwashi, na farko da ɗaci, na ƙarshe zaƙi zalla.

Motar ta ƙi tashi da safe, batir ya yi sanyi. Su ne suka tura mu.

Mun shiga Agadas da la'asar, hasumiyar babban masallaci ta fara bayyana cikin hazo, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, itatuwa sun fito a jikinta ta ko'ina. Kawu ya ce, "Ɗana, sauka mu yi salla tukuna, ciniki sai gobe." Na sauko da rawanin a kaina, ƙafafuna duk faso, na laluba jaka ina neman man kaɗanyar Inna.