Kawu ni ma irin wagga nike so, ai ƙarama ce

Ranar Juma'a da daddare ina zaune ƙofar gida nan Tudun Wada a Gusau, ba wuta, zafi ya kore mu waje, sai ga ɗan ƙanwata ya taho da waya a hannu yana rawar jiki wai Kawu duba ka gani. Bidiyo ne a guruf ɗin danginmu na WhatsApp. Wani ɗan uwanmu da ke zaune Amurka can jihar Texas ya kai yaronshi filin koyon harbi, an sa mai abin toshe kunne da tabarau, yana riƙe da 'yar libarba yana harbin takarda. A ƙasa ya rubuta yana neman shawara wacce ya kamata ya saya mai, tunda dangi sun san ni da shegen karance-karancen kayan harbi duk da ban taɓa mallakar ko ɗaya ba. Shi kuma nawa yaron, shekararshi 14, maganarshi guda ce: Kawu ni ma irin wagga nike so, ai ƙarama ce.

To na can Amurka amsarshi ba wuya. Na ce mai ya tsaya kan mai harsashin .22, wanda tun 1887 ake yin shi kuma har yau da shi aka fi koya ma sabon hannu harbi, saboda kaurinshi bai wuce milimita 5.6 ba, ba ya tunkuɗa hannu, ga araha a wajensu. Yaron da anka fara ba babbar bindiga ta firgita shi, to ya koyi runtse ido kenan tun kafin ya taɓa kunama, kuma wanga ciwo yana da wuyar warkewa. Na ce kuma ya nemi irin wadda sai ka ja ƙarfen nan na baya da babban yatsa ka ɗana ta kafin kowane harbi, kamar Ruger Bearcat da ta fito tun 1958 wadda marikinta ƙarami ne daidai hannun yaro, ko Ruger Wrangler ta 2019 in kuɗi sun yi mai tsada. Mutane na ganin jinkirinta aibi ne, ni ko shi ne ya sa nike son ta. Harsashi shida ne, ɗaya bayan ɗaya ake zura su, ɗaya bayan ɗaya ake fidda kwankon, kowane harbi sai yaro ya tsaya ya yi tunani, uban da ke tsaye bayanshi kuma yana ganin komi da idonshi. Sai na ƙara mai da cewa ya hana yaron ɗora yatsa gaban gangar nan mai juyawa, don akwai 'yar kafa tsakaninta da bututun, wuta da hayaƙi na fesowa ta nan.

Amma kalmar nan "ƙarama" ita ta tsaya mani a rai. A kwalin harsashin .22 ɗin nan ana rubuta gargaɗi cewa yana iya tafiya mil ɗaya da rabi, fiye da kilomita biyu kenan. Kuma da libarba mai irin wanga harsashi anka harbi shugaban Amurka Ronald Reagan a watan Maris na 1981, harsashin ma jikin mota ya fara buga sannan ya shige shi ta ƙarƙashin hamata, ya karya haƙarƙari ya huda huhu, da ƙyar likitoci sunka ceto shi. Na karanta ma yaron wannan, ya yi shiru na minti ɗaya, sai ya ce to ai bai mutu ba. Kai jama'a, yaran zamani.

Abin da bai sani ba, kuma na lura manya da yawa ma ba su sani ba, a dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 wagga 'yar ƙaramar tana cikin ajin da ya fi kowane tsanani. Adaka da harbi-ka-ruga irin na mafarautanmu, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinsu. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, har da ta iska mai ƙwayar dalma, wannan sai babban sufeton 'yan sanda. Amma fistol da libarba an haɗa su aji guda da bindigogin soja, haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa, kuma wanda anka kama da ita ba izini shekara goma yake kallo a gidan yari. Dalili a fili yake, abin da ke shiga aljihun kaftani ba wanda ya gani ai ba don zomo anka yi shi ba. Sannan ko wace iri ce, doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Ko a Amurkar ma da yake ta hange, ɗan ƙasa da 21 ba ya shiga shago mai lasisi ya sayi bindigar hannu, uba ke saye ya kulle a akwatin ƙarfe.

Na san me wasu za su ce, wai ai a 2022 gwamnatin Matawalle da kanta ta ce mutane su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan bindiga. Haka ne, a watan Yuni ne, har anka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, sai babban hafsan tsaro na lokacin Janar Lucky Irabor ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ba zan zagi wanda anka kora daga gonarshi don ya yi tunanin makami ba, wallahi ba zan iya ba, muna da dangi wajen Ɗansadau mun san abin da ake ciki. Amma wannan daban, sha'awar yaro daban. Yaron Texas in ya fito da jakar bindiga maƙwabta su ce za shi wasa. Nawa in anka gan shi da ita a hanyar Tsafe, ba mai tsayawa tambayarshi kaurin harsashi milimita nawa ne.

Kakanmu na wajen uwa maharbi ne, Allah ya jiƙanshi. Rani biyu na yi ina bin shi ban taɓa adakarshi ba, aikina ɗaukar burgame da goran ruwa, sai in an tsaya ya ce in faɗa mai ina iska ke bi, kuma mi ke bayan wancan kurmin in harbi ya kuskure. Ranar da ya miƙo mani ita, fanko ce ba albarushi ba komi, don murna na juya zan nuna ma ɗan uwana, bakin ya bi ta saitin cikinshi. Ban ga tahowar marin ba, ƙarar kawai na ji a kunne. Ya karɓe abinshi ya rataya, bai ce uffan ba har munka iso gida, sai wani ranin na sake taɓa ta. Hannunshi na hagu yatsu ukku ne, wata tsohuwar bindiga ta fashe mai tun yana saurayi, kuma bai taɓa ɓoye hannun ba, da shi yake nuna mana hanya.

Dajin da munka bi da shi yanzu ba mai shiga, balle in ce zan kai yaro. Don haka ranar Asabar na shiga kasuwa na samo danƙo mai kyau, na jera gwangwanayen madara shida kan katangar bayan gida, na ce kafin kowane harbi sai ya faɗa mani mi ke bayan katangar. Sau huɗu ya faɗa daidai, gidan maƙwabta ne kuma randarsu na nan gindin bango. Na biyar ya ce ai Kawu na riga na sani, ya saki. Jiya na kai sabuwar randa, kuɗin kuma daga na makarantarshi na tara nike cirewa kaɗan kaɗan, uwar ta ce in ma ƙara.